Ranar Da Na Mayar Da Fure Agwagwa

Ba na jin zan taɓa mantawa da shekarata ta farko ta koyar da adabin Turanci a wata sakandare a Batsari. Sabon digiri ne a hannuna, ina jin ko Turawan Ingila sai sun zo ɗaukar darasi a wurina.

Wata Talata muka iso kan wata tsohuwar waƙa, inda mawaƙin yake yabon wasu abubuwa da ya gani a bakin tafki suna rangaji cikin iska. Sunan abubuwan kuwa ban taɓa cin karo da shi ba. Ƙamus yana gida, waya babu data, ga idanun ɗalibai sun yi caa a kaina. Na ce a raina, me ke taruwa a bakin tafki in ba agwagi ba?

"Agwagin ƙasar Turawa ne," na ce, ko gezau.

Da na tsaya nan da sauƙi. Ina! Sai da na kwatanta musu tafiyar agwagwa daga allo har ƙofa (da babbar riga, don Allah ku hango ni). Ajin ya kece da dariya, ni kuma na ɗauka gwaninta ce. Ban sake waiwayar kalmar ba.

Bayan wata guda muka tafi Safana gasar kacici-kacici. Mun yi kunnen doki da masu masaukinmu, saura tambaya ɗaya, ta faɗo kan Rabi, 'yar garin Karare, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajina. Alƙaliyar gasar, wata dattijuwar malama, ta tambaye ta abin da mawaƙin nan ya gani a bakin tafki. Har na fara gyara hula.

"Agwagi!" in ji Rabi, da ƙarfinta.

Malamar ta sauke tabarau. "'Yata, furanni ne. Wa ya ce miki agwagi?"

Yarinyar nan ba ta iya ƙarya ba. Ta juyo ta nuna ni. "Malam ne. Har tafiyarsu ya gwada mana."

Wallahi na ji kamar in shige ƙarƙashin benci. Kofin ya zauna a Safana.

A bas muna komawa, da ƙyar na juya na ce, "Ku yafe mini. Ban san kalmar ba, girman kai ya hana ni faɗa."

Rabi ta share hawaye ta ce, "Ba komai, Malam. Ni dai da agwagin waƙar ta fi mini daɗi." Har direba sai da ya dara.

Tun daga ranar, in kalma ta fi ƙarfina, nakan ce, "Ban sani ba, mu duba tare." Na ɗanɗana kunyar ƙarya da ta faɗin "ban sani ba", ta biyun ta fi sauƙi: a cikin aji take ƙarewa, ba ta bin mutum har wani gari.