Yadda Ake Tsira da Aiki da Waƙar Matar Faransa

Ni Bawa Nagode na Faru ban taɓa zama a aji ba. Amma da aka fara sallamar ma'aikata a dam ɗin Bakolori, masu takarda suka tafi, ni na zauna daram. Bi matakan nan, wallahi ba mai taɓa aikinka.

1. San inda ka fi ƙarfi
Injiniyan da nake dafa wa abinci Bafaranshe ne, faifansa ɗaya tak, mace ke waƙa a ciki. Mu biyu ne a kicin, ni da Barau, ɗaya za a bari. Barau ya fi ni iya miya. Ni na fi shi kunne.

2. Kada ka motsa da farko
In ya sa faifan, kiɗan na tafiya kamar jaki da kayan gero. Muryar na saukowa taki-taki, kamar mai shiga rijiya. Ajiye ludayi, lumshe ido. A nan Barau ke kankare tukunya da ƙarfi. Kada ka hana shi.

3. Gyaɗa kai wurin amshi
Maza za su amsa mata gaba ɗaya. Ta yi banza da su, ta sassauta murya. Ce "uhm." Mai ilimi ba ya wuce "uhm."

4. Riga Bature kuka
A ƙarshe tana ƙwalla ihu har kofuna su yi rawa. Nan idonsa ke cikowa. Albasa na aljihunka, ka san sauran.

5. Kai gaisuwa
Mace ba ta irin wanga ihu a banza. Na taro dattawa shida daga Maradun, muka zauna a barandarsa, na ce, "Maigida, ya haƙuri? Allah shi jiƙan mijinta."

Thomas akawu, mai yi mana tafinta, ya ja rigata. "Baba, ba wanda ya mutu! Yanga take wa samari, wai ba mai iya kama ta."

"Kai dai fassara, ɗana. Irin wagga mace, in ba a yi gawa ba, ana hanya."

Ya fassara. Bature ya daɗe yana kallona, ya tambaya wa ya gaya mini ƙarshen labarin. Ashe a wasan da aka ciro waƙar, kashe matar ake yi a ƙarshe. Ran Juma'a Barau ya ɗaure kayansa sai Damri.

Gargaɗi
In naka Baturen ya kore ka, ko dattawanka suka ƙi tashi daga baranda, ba ruwana, ban san ka ba. Nawa dai sai da suka ci shinkafarsa har sadakar bakwai.