A-Taƙaice da Kofin Ruwa

Allah ya yi masu baki, amma Babban Daraktanmu daban ne. A ofis ana kiransa A-Taƙaice, don in ya ce "a taƙaice", masu hikima sukan gyara zama, masu ciwon baya su nemi bango. Ko gaisuwa ka yi masa, sai ka ji tarihin ma'aikata tun daga tubalin farko.

To, ana gab da ritayarsa sai jininsa ya hau, ƙaramar shanyewar jiki ta taɓa shi. Ƙafa ta warke, hannu ya warke, harshe kuwa da ma ciwon bai taɓa shi ba. Maƙogwaro ne ya ƙi. Da ya kurɓi ruwa sai tari, murya ta jiƙe, abinci ya tsaya a wuya. Matarsa ta ja shi asibiti da ƙyar.

Likita ta ba shi wani farin ruwa ya haɗiya a gaban na'urar hoto, sannan ta nuna masa. "Ranka ya daɗe, hanya biyu ce a nan, ta ciki da ta huhu. Murfin da ke rufe ta huhu yana makara, ruwa na zurarewa ta hanyar huhun. In aka bari, huhu zai kamu." Ta ce a kaurara masa ruwa da wani gari, ya ci abu mai laushi, loma ƙanana, ya riƙa motsa harshe a gaban madubi. In zai haɗiya ya sauke haɓa zuwa ƙirji. Kuma kada ya yi magana da abu a baki.

Madubin kaɗai ya karɓa, dama tsohon abokinsa ne.

"Yarinya," in ji shi, "a taƙaice, ban taɓa sunkuyar da kai gaban kowa ba, balle gaban kofi. Ruwa mai kauri kuma abincin jarirai ne." Ya yi mata bayanin maƙogwaro har marasa lafiyan da ke layi suka fara leƙowa.

A gida matarsa takan dama garin a ɓoye, shi kuma ya juye a tukunyar fure. Furen dai ya yi ƙiba. Ita kam tsoro take ji, ta sha gaya masa baki shi ke yanka wuya.

Ranar liyafar bankwana ya miƙe, ƙirji gaba, haɓa sama. Ya ɗaga kofin ruwa tsararo. "'Yan uwa, a taƙaice..." Ya kurɓa bai rufe baki ba.

Shiru. Ido ya yi ja, hawaye suka zubo, ya dafe ƙirji yana buɗe baki ba sauti. Ma'aikata suka ɗauka kewar rabuwa ce ta kama shi. Zaure duka ya miƙe da tafi, har da masu share ƙwalla. Matarsa ce kaɗai ke ture kujeru tana ihu a kawo mota.

Huhu ya kamu kamar yadda aka faɗa. Ya farka a gadon asibiti da roba a hanci, ta nan ake ɗura masa abinci. Ya yafito matarsa, murya kamar ta ɗan tsako.

"Sun tafa?"

Ta gyara masa matashi. "Sun tafa, Maigida, har a tsaye. Tun ranar da ka kama aiki suke jiran ka yi shiru."