Yadda Ake Korar Ciwon Sukari da Tsokar Raƙumi

Kai da likita ya ce sukari ya yi maka yawa a jini, kwantar da hankalinka. Ga hanya tabbatacciya, ba gumi a cikinta, ba tashi daga kujera. Hamissou ɗan Damagaram, shugaban leburori a wani gini da ke unguwar Abdulkafi a Sabha, can ƙasar Larabawa, ya bi ta daki-daki, kuma sakamako bai ɓata masa lokaci ba.

Mataki na 1: Samu kujera, ka riƙe ta gam

Hamissou ya yi shekaru yana ɗaukar bulo a ka, lafiyarsa ƙalau. Ranar da mai ginin ya ce masa "daga yau kai ne mudir", wato shugaba, Hamissou ya sa aka ajiye masa kujerar roba a inuwa, ya rantse ƙafarsa ta gama wahala. Ko masallacin bayan ginin a mota yake zuwa. Yi koyi da shi. Babban mutum ba ya yawo a ƙasa, kada mutane su zaci an sauke shi.

Mataki na 2: Kada ka kunyata mai shayi

Shayin Sabha ba a zuba masa sukari, ɓarinsa ake yi. In an miƙo, karɓa. In an haɗo da dabinon Zighan, ƙara. Ƙishirwa ta dame ka, fitsari ya hana ka sakat? Ɗora wa zafin gari laifi, ai shi ba ya musu.

Mataki na 3: Tafi asibiti da tafinta mai sauri

Da wani miki ya fito wa Hamissou a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, matarsa Asmaou ta matsa masa ya je asibiti. Ya ɗauki Ayouba direba, mai Larabcin ciniki. Likitar, Dakta Houda, ta yi dogon bayani: insulin shi ne mabuɗin da ke buɗe ƙofa, sukari ya bar jini ya shiga tsokar jiki. A jikin Hamissou makullin ya yi tsatsa. Amma tsokar da ke aiki, ko da tafiyar ƙafa ce, tana buɗe wata ƙofar da kanta. In an bar sukarin a jini kuwa, ƙafar zai ci.

Ayouba ya dunƙule duka ya ce, "Lokotoro ta ce tsoka ke shanye sukari. Ka dage da tsoka, in ba haka ba ƙafar za ta tafi."

"Tsoka fa ka ce?"

"Tsoka."

"Bahi, madalla! Allah ya yi mata albarka. Wannan ta san aikinta."

Mataki na 4: Fahimci kalma ta inda ta fi daɗi

Tsoka iri biyu ce a Hausa, ta jikinka da ta cikin tukunya. Mai hankali ya san wadda zai zaɓa. Daga asibiti Hamissou ya zarce wurin mahauci, ya ce a yankar masa tsokar raƙumi zalla. Kullum sai ya cika ciki da ita, ya bi da shayi don tsokar ta samu abin shanyewa, sannan ya kishingiɗa ya bar ta ta yi aikinta.

Mataki na 5: Toshe kunne ga mutanen gida

"Maigida," in ji Asmaou, "ni dai ban taɓa jin ciwon da ake warkewa da romo ba."

"Ke kin fi lokotoro sani ne?"

Ka ji amsar maza. Gaskiya dai Hamissou tsoro yake ji sosai. Yatsan ya fara baƙi, kuma ya san mudir ɗin da ba ya iya hawa bene duba aiki ba ya daɗewa a kujera. Ya tsani ranar da zai shiga gidan ubansa a Damagaram yana dogara sanda. Duk sanda tsoron ya taso, sai ya ce a ƙaro nama.

Mataki na 6: Kada ka kuskura ka koma asibiti da matarka

Nan Hamissou ya yi sake. Asmaou ta daɗe tana aiki a gidajen Larabawa, Larabci a bakinta yake. Da likitar ta tambayi yadda yake fama da tsoka, ya gyara zama ya ce bai taɓa fashi ba, kuma ta raƙumi ce, ba ta akuya ba. Asmaou ta fassara kalma da kalma, ba ta rage masa komai ba.

Dakta Houda ta sunkuya ta damƙi tsokar ƙafarsa, ta girgiza ta, ta ce, "Hadi!"

"Ta ce wannan tsokar, Maigida. Taka. Raƙumin nan da ka cinye shi ya yi tafiyar, shi ya sa bai da sukari."

Yatsan dai a asibitin aka bar shi. Ƙafar ta tsira da ƙyar.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba tafinta ba ne, kuma ba ya ɗaukar alhakin yatsan kowa. Wanda ya bi matakan nan ya ga abin da ya gani, kada ya neme ni. Ya nemi Hamissou, ana samunsa bayan kowane cin abinci yana zaga Abdulkafi a ƙasa, yana gaya wa mutane wai filin gini yake dubawa. Sai dai ka ɗaura takalmi da kyau, don yanzu ba ya tsayawa jiran kowa.