Yammacin da Watan Mushtari Ya Ƙi Ɓacewa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tara mutanen unguwarmu a Danwarai, na ce su zo su ga wata zai ɓace a daidai lokacin da na faɗa ba. Har yanzu in abin ya faɗo mini a rai sai na tashi na zaga ɗaki, zama ba ya yiwuwa.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Aliero, ina karanta fiziks. Malamin da ke duba aikin kammala digirina (Dakta muke ce masa) ya ba ni aikin da ya ce na masu haƙuri ne, wato dai ba irin nawa ba. Akwai wata ƙatuwar duniya, Mushtari, wadda 'yan boko ke kira Jufita, tana da manyan watanni huɗu masu zagaya ta. Masana taurari na da sun daɗe suna leƙa su ta madubin hangen nesa, suna rubuta inda kowanne ya tsaya da lokacin da suka gan shi. Aikina in bi tsofaffin littattafan da aka ɗora a intanet, in tattara bayanan nan wuri ɗaya. Dakta ya ce in fara karanta gabatarwar kowane littafi. Ni kuwa tun ina yaro ko kunu ba na jira ya huce, sai na tsallake kai tsaye zuwa lambobi.

A gida kuma akwai magana a ƙasa. Ina son in wuce digiri na biyu, Baba yana son in dawo in kama masa noman albasa, don gwiwarsa ta fara ba shi matsala. Duk zuwan da zan yi tambayarsa ɗaya ce: "Wai mi kaka karantawa ne, wanda ba a iya gwada ma mutum?" Rannan ta ishe ni. Na ce masa daga rubuce-rubucen masanan nan na da, na lissafo tafiyar watan da ya fi kusa da Mushtari, kuma ran Alhamis, tsakanin Magariba da Isha'i, zai shige bayanta ya ɓace.

Baba ya ce, "In ya ɓace yadda kac ce, tahi ka yi karatunka. In bai ɓace ba, ga fartanya can."

Baki shi ke yanka wuya. Na ce na yarda.

(Akwai manhajar waya da za ta nuna mini inda watan yake nan take. Na ƙi dubawa, wai ni lissafina nake so ya yi magana. Akwai kuma abin da ya kamata ya tsayar da ni tun farko: a rubuce-rubucen, mutanen nan suna kallon taurari ƙarfe takwas, tara, goma na safe. Na gani sarai. Sai na ce a raina, kai, madubin Turawan zamanin da ba wasa ba ne.)

Da ƙyar Dakta ya ara mini ƙaramin madubin sashenmu a ranar, bayan ya yi mini kashedi kamar zai ba ni jariri. Na rungume shi a kan kabu-kabu har Danwarai, kowane rami sai gabana ya faɗi. Ina isa na tarar Baba ya riga ya yi shela. An shimfiɗa tabarmi a filin da ke bayan gida, kusa da rumbunan albasa. Kawu Bala, ƙanin Inna, mahauci ne a Jega, ya rufe teburinsa da wuri ya zo. Shi mutum ne da in ya sami abin dariya a kanka, to ka shiga uku har jikokinka.

Ana sallame Magariba na kafa madubi. Farko abin ya yi kyau ƙwarai. Ga Mushtari tangaram, ga 'yan ɗige-ɗige huɗu a jere gefenta. Dattawa suka riƙa leƙawa ɗaya bayan ɗaya suna salati. Baba ya daɗe da ido a jikin madubin, da ya ɗago na ga ya gyara zaman hularsa, kuma na san abin ya shige shi. Ni kaina ya kumbura, na fara jawabi ina nuna sama da yatsa, ina cewa "mu masana".

Sai dai watan da na yi alkawari a kansa yana can nesa da uwar, ko alamar matsowa babu. Na duba agogo, na leƙa, na goge gilashi da bakin riga, na sake leƙawa. Na matsar da madubin gaba kaɗan, kamar wurin ne ke da laifi. Gumi ya fara bin bayana.

Kawu Bala ya ce, "Ɗan nan, watan naka shina jin kunyar jama'a ne? Ko mu juya mai baya?"

Aka yi dariya, ni ma na yi irin ta yaƙe. Lokacin da na faɗa ya zo ya wuce. Na ce agogona ne ke sauri. Wani ya ce nasa ma haka ya nuna. Da aka kira Isha'i watan yana nan daram inda yake, ni kuwa na kasa tsayuwa wuri ɗaya, sai zagaya madubin nake yi kamar akuya a turke.

Na kira Dakta. Wayata ta taɓa faɗawa rijiyar fadama, tun daga nan ba a jin magana sai an buɗe lasifika, don haka kowa ya ji.

Dakta ya saurare ni, ya ce, "Ka karanta gabatarwar da na ce?"

Na ce, "Na ɗan leƙa, ranka ya daɗe."

"Ba ka leƙa ba. Masana taurari na da ranarsu da tsakar rana take farawa, don kada kwanan wata ya canja musu suna tsakiyar aikin dare. In sun rubuta ƙarfe takwas, takwas na dare suke nufi. Lissafinka ya riga sama da awa goma sha biyu. Watan zai ɓace, amma gobe da hantsi, rana na sama, ba mai ganinsa." Sai ya ƙara da cewa, "Kai ba ka yi mamakin mutum yana kallon tauraro da hantsi ba?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Kawu Bala ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki. "Da hantsi! Jama'a, ku dawo gobe da hantsi, kowa shi taho da malfa!" Ni da na tashi na san daren Juma'a ran Alhamis yake shiga, ban taɓa kawowa a raina cewa wasu ma suna da inda suke fara tasu ranar ba.

Mutane suka watse zuwa masallaci, wasu suna ba ni haƙuri, wanda ya fi dariyar ciwo. Na naɗe madubin. Na san sharaɗi, ni na amince da bakina, kuma zuciyata ta yi nauyi ƙwarai don ina son karatun nan.

Da safe na ɗauki fartanya ba wanda ya ce mini. Baba yana zaune a ƙofar gida yana shafa gwiwa. Ya dube ni, ya dubi fartanyar.

"Ina za ka?"

"Fadama, Baba. Ai bai ɓace ba."

"Aje ta," in ji shi. "Albasa da sahe da marece aka yi mata ban-ruwa. Wanda bai rarrabe sahe da dare ba, ban ba shi gonata. Tahi su ƙara koya maka, tunda ɗige-ɗigen nan huɗu dai na gan su da idona."

Haka na sami izinin digiri na biyu, ta hanyar da ba na faɗa a taro. Aikin na sake shi daga tushe, kuma yanzu ko takardar maganin tari aka miƙo mini daga layin farko nake farawa. Kawu Bala dai bai gaji ba. Duk ranar da na bi ta kasuwar Jega da rana tsaka, sai ya aje wuƙa ya kare ido da tafin hannu yana kallon sama, ya ce, "Malam masani, ya ɓace ko mu ƙara jira?"