Angon Ƙarƙashin Gada

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin aurena ba, kuma ba don irin daɗin nan da angwaye ke ba da labari ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne duk wanda ya halarta bai manta ba.

A Wulari aka haife ni, cikin Maiduguri, wato Yerwa, lokacin mahaifina yana aikin akawu a garin. Ina gama sakandare muka tattara muka koma Kano, na yi shekara goma sha wani abu ban sake zama a Maiduguri ba. Amma fa a bakina ban taɓa barin garin ba. A majalisarmu ta Kano ko hular Borno aka ambata sai na gyara zama na karɓe zancen, in yi ta lissafo unguwanni da lunguna. Har Barbarci nake cewa ina ji (tsakani da Allah daga gaisuwa sai sunan abinci biyu, a nan ilimina ya tsaya).

Falmata kuma a Kano na same ta, tana karatu a hannun gwaggonta. Gidansu yana tsallaken kogin Ngadda, ta wajen Gwange. Sau ɗaya na je gaida iyayenta kafin biki, shi ma yayanta Modu ne ya ɗauko ni daga tasha, ina bayan mota kaina a sunkuye ina tura mata saƙo, ban ga komai na hanya ba. Mahaifinta, Alhaji Bukar, wanda suke kira Baa, tsohon shugaban makarantar firamare ne, irin mutanen nan da suka yi ritaya amma ƙararrawa ba ta fita daga kansu ba. Tun ana saura mako Falmata take ja mini kunne. Ta ce masallacin unguwarsu ranar Asabar aure da yawa ake ɗaurawa a jere, liman yana kira ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kira wakilinsa ba ya nan sai a tsallake shi. Ta ce Baa ya faɗa a gaban kowa, mutumin da ya makara ranar aurensa bai ga abin da zai riƙe masa 'ya da shi ba. Ta kuma rantse mini Baa ba ya magana biyu.

Muka iso ranar Juma'a, motata da bas guda cike da dangi, muka sauka a Wulari gidan wani tsohon aminin mahaifina. Da yamma Modu ya zo yi mana sannu da zuwa, ya ce da safe zai dawo ya ja mu zuwa masallaci.

"Gari ya canza fa, ango," in ji shi. "Ko mu da muke ciki wani lokaci hanya yana ruɗa mu."

A gaban Kawu Sale ya faɗi wannan magana, ƙanin mahaifina kuma wakilina, mutumin da na shekara ina cika wa baki. Na yi wata dariya ta ƙasaita na ce, "Haba Ya Modu, ni za a ja a Yerwa? Garin nan na san shi kamar yunwar cikina. Ka je ka ji da baƙi." Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya ce to Allah ya kai mu. Da zan iya komawa wannan yammacin, da na toshe bakina da hannu biyu.

Da safe muka fito da wuri, don da saura fiye da awa guda kafin ƙarfe goman da aka sa. Na sha farar shadda mai aiki har ciki, na kafa hula, turare kuwa kamar an yi ɓarinsa. Ni ke tuƙi, Kawu na gefena da babbar rigarsa, goro da dabino a but, bas na biye da mu. Ina tafe ina yi wa Kawu bayani kamar mai jan 'yan yawon buɗe ido: nan muke sayen ƙosai, can muke buga ƙwallo. A lissafina mu miƙe zuwa babban shataletale, mu karya dama, mu bi gefen kasuwa, sai tsohuwar gada, sai Gwange.

Shataletalen ne dai babu. Inda na bar shi sai na tarar da wata shirgegiyar gadar sama, titi ya rabu uku, kowane da fitilu da fenti sabo. Kafin in yanke shawara masu keke sun dame ni da hon ta baya, sai kawai na bi na tsakiya, na tsinci kaina ina hawa sama. Daga can ƙoli ina kallon kwanar da nake nema tana wucewa ta ƙarƙashinmu, ga kasuwar, ga rumfunan, ga komai, sai dai ba halin sauka. Da muka sauko na ce bari in juya, ashe an gina dogon kankare a tsakiyar titin, an shuka furanni a kai, ba inda mota za ta ratsa sai an yi tafiya mai nisa.

Na juyo daga ƙarshe, na sake dosar gadar, wannan karon na bi ta ƙasa. Ta ƙasan ma ta ɗauke ni ta miƙa wani sabon titi mai hannu ɗaya, wanda ya zaga da ni ya dire ni daidai inda na fara. Muka wuce wani mai kankana a gindin darbejiya, Kawu ya bi shi da kallo. Ya gyara gilashinsa ya ce, "Ni kuwa masu kankanar garin nan duk 'yan gida ɗaya ne? Wannan na uku ke nan da na gani, kuma duk jar hula gare su."

Na ce ai haka suke, Kawu, sana'ar gado ce.

Wayata ta yi ƙara, Modu ne. Ya ce an fara taruwa, muna ina? Na ce ga mu nan dab da ku. Ya ce in faɗa masa abin da nake gani a gabana ya turo mai keke. Na ce ba sai an wahalar da kowa ba, na kashe. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma ga mutane nan birjik a bakin titi, ko wanne na tsayar zai nuna mini da yatsa. Amma in tsaya in yi tambaya a gaban Kawu, da bas guda na 'yan Kano suna kallo ta taga? A lokacin gani nake gara a ce na mutu.

Can dai Allah ya sa na faɗa wani titi da ya nufi kogi. A gabana ga wata sabuwar gada fetal, motoci suna ta hawa. Mai hankali zai bi su. Ni kuwa a safiyar nan duk wani abu mai suna gada ya riga ya ci amanata, tsoro nake in hau ta sauke ni a Khaddamari, can bayan gari. Ana cikin haka idona ya faɗa kan wani lungu a gefen gadar, na gane shi sarai, har wani sanyi na ji a raina, don shi ne abu na farko da ya tsaya inda na bar shi. Ta nan muke gangarawa kogi muna yara.

Wanda bai san Ngadda ba, kogi ne na damina. Da rani ruwan janyewa yake yi ya bar fili, kuma a zamaninmu motocin ɗiban yashi sun daddaɓe wata hanya ta cikinsa, har ƙananan motoci da masu babur kan ratsa su fita ɗaya gaɓar ba ruwansu da cunkoson gada. Bikina kuwa tsakiyar bazara aka sa shi. Na dubi Kawu na ce, "Yanzu za ka ga hanyar 'yan gari."

Wasu masu wankin mota a bakin gangaren suka yi ta ɗago mana hannu biyu-biyu. Na ɗauka murna suke taya ango, har na danna musu hon. Direban bas, wanda Allah ya yi wa rabon hankali, ya taka birki a bakin gaɓa ya ƙi gangarowa. Ni kuwa na shige abina.

Na ratsa lafiya har na kusa ƙetarewa, ina jin kaina kamar wani gwarzo, sai na ga bango. Inda hanya take haurawa da, an gina katangar kankare doguwa mai santsi don tare ambaliya, ta miƙe iya ganina hagu da dama, ba inda mota za ta hau sai wata 'yar matattakala ta masu ƙafa. Na ce ba komai, na murɗa sitiyari in juya ta ƙarƙashin inuwar gadar. Wurin a ido busasshe ne har ya tsattsage. Ashe ɓawo ne kawai a sama, ƙasansa taɓo ne baƙi ƙirin mai wari. Motar ta yi wani nishi ta zauna. Na taka mai, ta ƙara zama.

Kawu ya buɗe ƙofa ya leƙa ƙasa, ya rufe, ya fara salati a hankali. Na fita in tura, na roƙe shi ya riƙe sitiyari ya ɗan taka kaɗan (ban san rabon Kawu da tuƙi tun kafin a haife ni ba). Ya take iya ƙarfinsa. Tayar baya ta kwaso taɓon nan ta yi mini feshi tun daga hula har takalmi. Takalmin ma ƙafa ɗaya a nan na bar shi, har yau yana can.

Ina goge ido sai na ji hayaniya a sama. Na ɗaga kai. Bakin gadar nan ya cika da mutane sun jingina da ƙarfe suna leƙe, masu keke sun faka, wayoyi duk sun fito. Wani ya ƙwala mini sannu da Barbarci, "Wushe ango! Amarya yana cikin ruwa ne?" Aka kwashe da dariya. A ɗaya gaɓar kuma dangina sun fito daga bas sun yi layi cikin kayan biki, gwaggonnina sun rufe fuska da mayafi, kafaɗunsu na rawa.

Sai na ga mutanen gadar suna darewa suna ba da hanya. Wani dattijo cikin shuɗiyar babbar riga ya matso, ya dafa ƙarfen, ya leƙo. Alhaji Bukar ne, Modu na bayansa. Ashe direban bas ne ya kira Modu, kuma ashe masallacin yana nan gangaren gadar da na ƙi hawa, har hasumiyarsa ana hangowa daga inda na maƙale.

Ka san dai yadda ake gaida suruki. Jikina bai tsaya shawara da ni ba, na cire ragowar takalmin, na durƙusa a cikin taɓo, kaina a ƙasa, na ɗaga murya yadda za ta kai sama na ce, "Baa, ina kwana? An tashi lafiya?"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya amsa da cewa, "Lafiya lau. Ya hanya?"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ban da kunyar akwai tsoro, don ina durƙushe ina jiran ya ce a watse. Ya duba agogonsa. Ya ce wa Modu wata magana da Barbarci, wadda ni mai jin Barbarci ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Modu ya sauko ta matattakala, ya cire takalmi, ya goyo Kawu Sale a baya kamar jariri, babbar riga na jan ƙasa, ya haura da shi. Wasu samari suka kwashe goro da dabino. Daga sama Baa ya ce, "Wakili muke buƙata, kuma ga shi ya iso da sauran lokaci. Kai ka zauna da motarka."

Haka aka yi. Ina zaune a kan but, ƙafa ba takalmi, ƙudaje na zagaye ni, na ji lasifikar masallaci ta kira sunana da na Falmata. Na ji muryar Kawu yana karɓar mini aure. Da aka shafa fatiha mutanen kan gada suka shafa tare da ni, wasu har da jefo mini ruwan leda in wanke fuska. Sai bayan azahar wata tifa ta jawo motar da igiya.

Da yamma aka kai mu gaban Baa ya yi mana nasiha kafin a tafi da amarya. Ni dai idona na kan darduma. Ya yi wa Falmata faɗan haƙuri da riƙon amana yadda aka saba, tana ta sharar hawaye a cikin lafaya. Daga ƙarshe ya ce, "Ki yi wa mijinki biyayya, duk inda ya sa ƙafa ki sa taki. Amma idan kun zo bakin kogi, ki sauka ki hau gada, kya jira shi a tsallake." Kukan amarya ya koma wani abu dabam, har sai da gwaggonta ta dungure ta.

Abin da na koya dai shi ne, garin da ka tafi ka bari ba zama yake yana jiranka ba, shi ma harkar gabansa yake yi. Yanzu in mun je Maiduguri ganin gida, tun daga ƙofar gari nake fakawa in miƙa wa Falmata makulli, in koma kujerar baya wajen yara, in yi shiru da bakina.