Shafin da Ya Iya Gaisuwa

"Ku ba ni kwana bakwai," in ji Rabilu yana bugun ƙirji, "in gina muku shafin da ko Yamai ba su taɓa ganin irinai ba. Nasaran da ya ƙirƙiro intanet ma, in ya gani, sai ya nemi lambata."

Kai mai karatu, kada ka ɗauka wani babba ne. Rabilu dai shi ne mai rumfar fotokwafi a bakin tashar Birnin Konni, wanda ya rubuta "Injiniya" a allon rumfarsa da fenti ja, ya kuma sa tabarau alhali idonsa garau. 'Yan kabu-kabu na kiransa Injiniyan Takarda. Shi kuwa yana amsawa, don rabin farko kawai yake ji.

Ɗaliban wani lise, wato babbar sakandare, ne ke da ɗan gidan rediyo a bayan ajinsu. Muryarsa ba ta wuce unguwa uku, shi ya sa suke son Rabilu ya gina musu shafi, domin na nesa su saurara a waya. Wadda ta fi kowa matsuwa ita ce Bushira, 'yar ajin ƙarshe mai gabatar da shirin Asabar bayan la'asar, minti ashirin cif. Akwai wani Yahuza, ɗan Tajaye, da ya tafi ci-rani Kwatano wata tara ke nan. Ranar da zai hau mota ya ce mata abu ɗaya yake so, ya ji ta a rediyo kamar manyan 'yan jarida. Ta yi masa alkawari, kuma Asabar ta sama ce shirinta na ƙarshe kafin jarrabawa.

"Malam Rabilu, maɓalli guda muka so," in ji ta. "Babba, a rubuta 'Saurara'. Shi ke nan."

Rabilu ya dube ta ta saman tabarau. "Ƙanwata, ke taɓa shiga gidan mutane ba sallama? Shafukan Turawa ba su da tarbiyya. Nawa ɗan gidan mutunci na."

Ran kwana na bakwai ya kawo ɗan gidan mutuncin. Bushira ta buɗe a wayarta. Hoton Rabilu ya fara sauka daga hula, a hankali, har ya iso haɓa. A ƙasa an rubuta "Salamu alaikum". Ta danna amsa. Wani hoton ya taho, da wata hular: "Ina wuni?" Ta danna "Lahiya lau". Sai "Ina gajiya?" Sai "Ina gida?" Sai "Ina zafi?"

"Guda nawa ne?"

"Ashirin da ukku. Na rage ma."

A ta tara shafin ya tambaye ta yara.

"Malam Rabilu, ni ba ni da yara."

"Ki danna dai. Addu'a ce."

Ta shiga dannawa da sauri don ta wuce. Allon ya yi ja, ya rubuta: "Gaggawa a gaisuwa rashin ladabi ne." Ya maishe ta kan sallama. Rabilu ya yi murmushi irin na uban da ɗansa ya ci gasar karatu. Wannan dabarar, in ji shi, kwana biyu ta ci masa.

Bushira ta ce a gwada da wani. Aka kira Baƙo, tsohon mai gadin lakwal, wato makarantar tasu, mutumin da kan tsaya gaisawa da mai goro har shayinsa ya huce. Baƙo ya ji daɗi da farko, yana amsawa da baki kafin ya danna, har da dafa ƙirji. Sai dai ka san Konni: waya na aljihunka, rezo, wato layin sadarwa, ya bar Nijar ya tsallaka Najeriya ya dawo ba tare da ya gaya maka ba. A gaisuwa ta goma sha shida rezo ya tsallaka. Shafi ya koma "Salamu alaikum".

Baƙo ya miƙa wayar. "Yaro, gidanka ya hi surukaina gaisuwa. Amma har yanzu a zaure nike, ko ruwa ba a ba ni ba."

"Baba, kai ba ka cikin masu amfanin da na yi wa tsari."

"To wa ka yi wa?"

"Masu haƙuri."

Bushira ba ta ƙara musu ba. Ta koma gefe ta aika wa Yahuza saƙo: "Ran Asabar ka fara gaisuwa tun azahar. Kada ka yi sauri. In ya tambaye ka amarya, ka ce lahiya."

Asabar ta zo. Mushe Idrissa, shugaban lakwal, ya zauna a gaba, malamai da ɗalibai a baya. Rabilu ya sha shadda mai sitati, in ya motsa sai ka ce ana naɗe tabarma. Ya haska shafin a bango, ya nuna lambobi biyu da ya ƙara don duniya ta shaida: masu gaisuwa, da masu saurare. Ya kuma sa sharaɗi cewa minti biyar na ƙarshen shirin nasa ne, za a yi hira da shi. Ya sanar da danginsa na Badaguishiri kaf.

Aka buɗe shiri. Masu gaisuwa: ɗari biyu da sha ɗaya. Rabilu ya juyo yana gyara wuyan riga. Masu saurare: sifiri.

"Suna hanya," in ji shi.

Mushe Idrissa ya ɗago daga wayarsa. "Injiniya, sau ukku ke nan shafinka na tambayata ruwan bana."

"Damana abin tambaya ce, Mushe."

Wayar Rabilu ta yi ƙara. Innarsa ce, kuma muryarta ba ta buƙatar lasifika. "Rabilu, na gaida hotonka har yatsana ya ƙage. Wannan hula ta bakwai ba ta kawunka ba ce da ya yi ta nema?"

Ɗalibai suka kife da dariya. Bushira kuwa, a bayan gilashin ɗakin shiri, ba ta ji su ba. Tana karanta labaran lakwal, idonta na kan sifirin nan. Minti shida suka wuce. Sai lambar ta motsa: ɗaya.

Ba ta tambayi kowa ko wane ne ba. Ta gyara zama, ta matso da makirfo, muryarta ta sauka ta yi laushi, har Mushe Idrissa ya ajiye waya. Ta karanta sauran shirin kamar mai magana da mutum guda, ta gaida 'yan ci-rani na Kwatano, musamman masu cika alkawari.

"Kun gani?" in ji Rabilu. "Mai sauraro na gaske. Wanda ya san darajar aikina. Yanzu zai ji wanda ya gina."

Ya shiga ɗakin shiri shadda na ƙara, ya zauna, ya cire tabarau ya mayar, ya yi gyaran murya.

"Sunana Injiniya Rabi..."

A bango, ɗaya ta koma sifiri.

Wayar Bushira ta yi ɗan motsi: saƙon Yahuza ne. Baƙo, da ke tsaye kusa, ya roƙa ta karanta a fili. Ta karanta tana rufe baki da mayafi: "Na ji abin da na zo ji. Ki gaida mai hulunan, ki ce mishi lahiya lau, sau ashirin da ukku."