Guɗar Da Na Yi Wa Rayyan

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ƙasa ta kusa rufe idona, da ranar da na bi jikana Rayyan Jidda kallon kiɗansa.

Rayyan ɗan marigayiya 'yata Hindatu ne. A hannuna ya tashi, nan unguwar Mansur ta Makka inda nake suyar waina. Ya girma ya shiga wani kiɗa na Turawa wai shi rok, shi da abokansa. Abin kiɗansa jita ce mai tsarkiya huɗu masu kauri, bes suke ce mata, kukanta a ciki ake jin sa kafin kunne. Kuma shi ne mai waƙar. Ya sha gaya mini wahalar abin: hannu na tafiya gabas, baki na tafiya yamma, in hankali ya gushe ƙiftawar ido duka biyun su zube. Ni kuwa na ce, "Maigida, masu garaya a Katsina haka suke yi, ba su yi mana wannan kurin ba."

Ubansa ya rantse ba ya taka wurin kiɗan. Kawunnansa ma haka. Sai yaron ya durƙusa gabana, da yake Sitti suke ce wa kaka a nan, ya ce, "Sitti, ki zo, ko mutum ɗaya na gidanmu ya ji wannan waƙar." Na ɗauki abaya, ƙanwarsa Nuha ta riƙe hannuna, muka tafi.

(Turanci yake waƙarsa. Ni Larabcin ma na kasuwa gare ni.)

Aka yi ta ruguntsumi har haƙorana na rawa. Can sai gangar abokansa ta yi shiru, aka bar shi shi kaɗai, yana taɓa tsarkiyar a hankali, muryarsa na karkarwa, gumi na zuba. Jama'a suka yi tsit. Na duba dama, na duba hagu, babu mai tafi, babu mai liƙi. Zuciyata ta ce, ashe haka ake wulaƙanta maraya? A garinmu makaɗi ba ya zuba gumi a bar shi da ƙeƙasasshen goshi.

Na miƙe da gwiwoyina masu ciwo. Na toshe hanci na rangaɗa guɗa irin wadda ban yi ba tun bikin uwarsa. Na hau dandamalin, na manna masa riyal a goshi, ina cewa, "Kaɗa, angona, kakarka na nan!"

Takardar ta zamo ta rufe masa ido. Hannun ya tsaya, bakin ya ci gaba shi kaɗai, sannan shi ma ya mutu. Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya, saura suka kama.

Nuha ta jawo gefen abayata tana kuka. "Sitti, haram alaiki, sauko! Waƙar Mama ce. Ranar da aka kai ta makwancinta yake faɗi."

Jama'a, ina ni ina sanin ana makoki da kiɗa? Mu in an yi rashi, ganga ake ɓoyewa. Ga ni tsaye a gaban 'ya'yan mutane, na yi wa mutuwar 'yar cikina guɗa. Saukowa ma sai da samari biyu suka kama ni kamar buhun gero.

Muka shiga mota muka komo Makka.

Bayan an kwana biyu na ce masa, "Maigida, ɗauko abin nan ka yi mini ita ni kaɗai, Nuha ta fassara mini." Ya ɗauko, ya fara. Da ya iso wurin da na yi guɗar sai kafaɗunsa suka kama rawa, dariya da hawaye tare. Ya ajiye.

"Khalas, shi ke nan, Sitti. Duk na zo nan, guɗarki nake ji."

Bai sake rera ta ba, ni kuma har yau ban san abin da ya faɗa wa uwarsa a ƙarshenta ba. Yanzu in na ga taro ya yi shiru, sai na fara tambaya ko wa ya rasu kafin in kai hannu hanci.